Ɗan ayu ya faɗa a komar ƙanena, a kawo shi gida mu rena?

Tambaya, daga wani malamin firamare a ƙaramar hukumar Guri, Jihar Jigawa: Likita, ƙanena masunci ne, duk shekara yana zuwa cin rani ƙasar Yawuri. Shekaranjiya da asuba ya je ɗaga koma sai ya tarar da ɗan ayu a ciki da ransa, tsawonsa bai wuce na yaro ɗan shekara shida ba. Sun haƙa masa rami a bakin ruwa sun ajiye shi. Akwai mai neman saye, ni na hana, domin na ga bidiyo a Facebook yadda Turawa ke shayar da irinsu da bulumboti har su girma. Muna da kududdufi a bayan gari da ba ya ƙafewa. Me za a riƙa ba shi, kuma yaya za a ɗauko shi zuwa nan? Har ina tunanin idan ya girma ya rage mana kachalar da ta dame mu.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka hana a sayar. Amma kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ɗauki waya ka kira ƙanen naka ka gaya masa abu biyu: kada a ɗura wa dabbar nan komai a baki, ko da ruwa ne, kuma kada a sa ta a mota. In ka gama wayar sai ka dawo mu yi maganar a tsanake.

Ni likitan dabbobi ne. Yawancin aikina shanu ne da awaki a ƙauyukan nan namu na gabashin Jigawa, amma na yi wasu shekaru ina aiki a yankin tafkin Kainji, kuma a can na fara taɓa ayu da hannuna. Abin da zan fara tambayarka shi ne: wa ya ce ɗan nan maraya ne? A bayaninka ban ji inda aka ce an ga gawar uwar ba, ban kuma ji an ce wani ya soke ta ba. Abin da na ji kawai shi ne koma ta kama ɗa. To, ɗan ayu mai wannan girman ba ya yawo shi kaɗai. Uwar takan ɗauki cikinsa wata 12 zuwa 13, ta haifi ɗaya tal, mai nauyin kilo 30 ko kusa da haka, sannan ya manne mata yana shan nono har shekara ɗaya zuwa biyu. Nononta a hammata yake, bayan hannuwan nan da take iyo da su, kuma a ƙarƙashin ruwa yake tsotsa. Su biyun suna da wani ɗan siririn kuka da suke kiran juna da shi, musamman a ruwan da ya gurɓace ba sa ganin juna. Saboda haka lokacin da ƙanenka ya jawo komar nan, mai yiwuwa uwar tana ƙarƙashin kwalekwalensa ko cikin burugun da ke gefe. Ayu ba ya faɗa, ba ya gurnani, hanci kawai yake fitarwa ya shaƙi iska ya koma. Kana iya wuni a gefensa ba ka san yana nan ba.

Wannan kuskuren ba mu kaɗai ke yin sa ba. A gaɓar tekun Ingila da Amurka, masu aikin ceton dabbobin teku duk shekara suna roƙon jama'a su daina ɗaukar jariran dabbobin da suka gani kwance a kan yashi, domin sau da yawa uwar ta shiga ruwa ne neman abinci za ta dawo. Mai tausayi ya zo ya ɗauke, shi ke nan an mayar da mai uwa maraya. Kai ma ka sani a wurin barewa: takan kwantar da ɗanta a ciyawa ta yi nisa, yaran kiwo su tsinto shi su ce sun ceci maraya.

Don haka babban magani a nan shi ne a mayar da shi inda aka kama shi, yau ɗin nan, ba gobe ba. Kwana biyu sun riga sun wuce, amma ban fid da rai ba. A nemi Sarkin Ruwan wurin, domin shi ne zai iya cewa a janye koma da mamari daga wannan lungun na kwana biyu ko uku, a kuma hana jirgin inji ratsawa. A kafa itatuwa a ruwan da bai wuce ƙugu ba, a zagaye da taru mai ƙananan idanu wanda hannunsa ba zai shige ba, a ja shi ya ɗame sosai kada ya yi lanƙwasar da za ta naɗe shi. A sa ɗan a ciki, kowa ya koma nesa ya yi shiru. Mutum ɗaya ya isa gadi, shi ma daga gaɓa. In aka ga babban hanci yana ɓullowa kusa da shingen, ko ruwa yana murɗawa a gefensa, ko ɗan ya tsananta kuka yana bin gefe guda, a ɗage tarun ta wannan gefen a bar su. Da asuba da kuma bayan magariba aka fi sa rai.

Wurin ɗaukarsa daga ramin zuwa ruwa a kula ƙwarai. Kada a ja shi ta wutsiya ko ta hannu, kada a kwantar da shi rigingine. A zura tamfol ko bargo a ƙarƙashinsa, mutum huɗu su kama kusurwa huɗu, cikinsa na ƙasa. Huhun ayu a shimfiɗe yake a tsawon gadon bayansa, kuma ruwa ne ke ɗauke masa nauyin jikinsa, in ya daɗe a tudu numfashi yana yi masa wuya. A riƙa jiƙa fatarsa, a yi masa inuwa, amma kada a watsa ruwa a fuska, don hancin nan yana buɗewa ne farat ɗaya lokacin da zai shaƙa. In zaren koma ya nutse a hannunsa, a yanke zaren da reza a zare a hankali, ba a fizga. Kuma don Allah kada a shafa masa baƙin mai ko toka ko garin kafso a ciwon. Ramin da yake ciki yanzu ma abin tsoro ne: ruwa kaɗan ne, da rana ya yi zafi, da dare ya yi sanyi, ga kashinsa a ciki, ga yara suna tsokanarsa da kara.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa na fara da maganar ɗura. Shekarun baya an kira ni wani ƙauyen masunta, aka ce an sami ɗan ayu. Na isa bayan la'asar na tarar da shi a cikin wani tsohon kwalekwale da aka cika da ruwa. Matar maigidan, baiwar Allah, ta kwana uku tana jinyarsa kamar ɗan cikinta. Ta sayi madarar gari ta dama, ta haɗa da ɗan koko, ana ɗaga kansa ana zuba masa da ludayi. Da na sa hannu a bayansa sai na ji fatar ta yi taushi ta tattare kamar rigar da ta yi wa mutum yawa, bayan kansa ya lotsa. Yana shawagi a karkace, gefe ɗaya a sama, ya kasa nutsewa. Duk numfashin da zai ja sai ka ji wani ƙurƙur, wani farin ruwa yana fitowa ta hanci. Ban iya yi masa komai ba, kafin sallar isha ya mutu. Da na buɗe shi washegari, hanjin ya kumbura da iska kamar balan-balan, huhun kuma da madara a ciki. Matar nan ta yi kuka, ni kuma na rasa bakin da zan gaya mata cewa ludayin ne. Yunwar kwana biyu ba ta cika kashe ɗan ayu ba. Cokali ɗaya da ya bi ta hanyar iska yana iya kashe shi.

Ko da madarar ta bi hanyar da ta dace, ba irin tasa ba ce. Nonon dabbobin ruwa maiƙo ne ya yi masa yawa, sukarin da ke cikin nonon saniya kuma kusan babu shi a ciki. Akwai wata dabbar tekun ƙanƙara da ke shayar da ɗanta kwana 4 kacal ta yaye shi, saboda kusan kashi 60 cikin 100 na nononta kitse ne. Na ayu bai kai haka ba, amma ya ninka na saniya. Cikin ɗan ayu ba ya iya narkar da sukarin madarar shanu, sai gudawa da kumburi. Nonon akuya ma haka, madarar jarirai ta kanti ma haka.

Bidiyon da ka gani gaskiya ne, sai dai minti biyu aka nuna maka daga aikin shekara uku. A jihar Fulorida ta Amurka, inda ɗan'uwan ayun namu yake, akwai wurare ƙalilan da aka gina musamman don wannan jinya, kamar SeaWorld a Olando da gidan dabbobi na Tamfa. Suna da kwamin ruwa mai ɗumi wanda ake ɗaga ƙasansa da inji a fito da dabbar sama in za a yi mata allura. Maraya in ya zo, ruwan gishiri da sukari ake fara ba shi ta tiyo zuwa ciki, kuma ƙwararre ne ke zura tiyon. Sannan a koma madarar da aka harhaɗa ta musamman, marar wancan sukarin, aka ƙara mata mai. Ana ba shi duk bayan awa 3, dare da rana, ma'aikata suna karɓa-karɓa. Ana auna nauyinsa, ana ɗibar jini, ana duba kashi. Ba sa sakinsa sai ya kai wajen kilo 270, abin da kan ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma in an sake shi da na'ura a ɗaure a wutsiya ana bin sawunsa. Duk da wannan ɗawainiya wasu suna mutuwa. A 2019 duniya ta ɗauka da labarin Mariyam, wata marainiya daga dangin ayu na teku da aka tsinta a kudancin Tailan. Likitoci suna shiga ruwa suna rungume ta suna shayar da ita, ana nuna ta kai tsaye a intanet. A watan Agustan shekarar ta mutu, aka sami gutsattsarin leda a hanjinta.

A nahiyarmu misalin da masu wannan aiki suka fi ambata shi ne na wani ɗan ayu da aka sa wa suna Victor, wanda aka tsinta a gaɓar teku a Mayumba ta ƙasar Gabon a 2010. An rene shi a shinge cikin ruwan yankin, kusan shekara uku ana fama, da taimakon ƙwararru daga waje, ciki har da Lucy Keith-Diagne, wadda ta daɗe tana binciken ayun Afirka daga Senegal. Ka lura, ba a ɗauke shi an kai shi wata ƙasa mai wani yanayi ba. A ruwan da ya dace da shi aka bar shi, mutanen ne suka tare a wurinsa.

Akwai kuma abin da bulumboti ba ya bayarwa. Shekara ɗaya zuwa biyun nan da ɗa ke bin uwarsa karatu yake yi: inda ciyawa take a kowane wata, inda zai koma in ruwa ya fara janyewa, ƙarar da ya kamata ya guje wa. Wanda mutum ya rena yakan saba da mutum, ya ji motsin kwalekwale ya taho da gudu yana neman abinci, kuma ka san abin da ke jiransa a wasu kwalekwalen. A Montare ta jihar Kalifoniya, masu jinyar karnukan ruwa na teku sun ga haka, sai daga 2001 suka koma haɗa marayu da manyan mata na irinsu su rene su. Na yi dariya ranar da na fara jin wannan, domin Fulaninmu sun daɗe da sanin dabarar: saniya in ɗanta ya mutu, a lulluɓa wa maraƙin da ba shi da uwa fatar mamacin har ta karɓe shi. To kai a Guri wace ayu za ka ba shi?

Yanzu maganar kududdufinku. Daga Yawuri zuwa Haɗeja wuni guda ne cur a mota, ko fiye, ga gargada ga zafi. Jaririn da ya kwana biyu bai sha nono ba da wuya ya kai Zariya. A ce ma ya iso. Ayu duk girmansa ba ya jure sanyi. Jikinsa a hankali yake ƙona abinci, kuma kitsensa ba irin mai tare sanyi ba ne. Ruwa in ya sauka ƙasa da digiri 20 ya daɗe a haka, sai ya daina ci, fatarsa ta yi gyambo, huhu ya kamu. Shi ya sa a Fulorida da hunturu suke taruwa ɗari-ɗari a bakin maɓuɓɓugan ruwa masu ɗumi da wuraren da tashoshin lantarki ke sako ruwan zafi. Kai ka san yadda ruwan kududdufi yake a watan Janairu da asuba, lokacin da alwala ma sai an ɗumama. Babban kogi mai zurfi yana riƙe ɗuminsa, ƙaramin ruwa ba ya riƙewa. Ga shi ruwan da ake wanki a ciki, shanu suna shiga, maganin feshi daga gonakin shinkafa yana gangarowa, leda kuwa ba a magana.

Sai ci. Ayu dangin giwa ne na nesa, kuma cikinsa ya nuna haka. Babba yana cin abin da ya kusa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a rana. Mai kilo 300 ke nan yana neman kilo 20 zuwa 30 na ɗanyar ciyawa kullum, rani da damina, kuma dabba ce mai tsawon rai da kan yi shekaru gommai. Saboda yawan tauna haƙoransa na gaba suna cinyewa su zube, sababbi suna turowa daga baya har ƙarshen rayuwarsa. Yunwa kuwa tana kashe su ko a ƙasar masu kuɗi: a 2021 fiye da 1,000 suka mutu a Fulorida, yawanci don ciyawar ruwan da suke ci ta ƙare sakamakon gurɓatar ruwa, har hukuma ta koma zuba musu latas.

Tunaninka na kachala ba shirme ba ne, an taɓa yin irinsa. A ƙasar Gayana ta Kudancin Amurka an daɗe ana sa ayu a magudanan ruwa yana share ciyawa. Amma shi mai laushi yake so, irin burugu da ƙainuwa da ganyen bado. Kachalar da ta toshe mana hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Nguru ta samu gindin zama ne tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba, ya zama yana kwance shekara duka. Wannan ciwo ne na yadda ake sakin ruwa, bakin ayu ɗaya ba zai warkar da shi ba.

Mai neman sayen nan kuwa ni da kai mun san abin da yake so. Man ayu ne, wanda ake tallarsa a 'yan kwalabe ana cewa yana ƙara wa mace daraja a ɗakinta. Ban taɓa ganin hujjar likitanci a kan haka ba, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna maka yawancin abin da ke kasuwa ba na ayu ba ne: in da duk kwalaben nan na gaske ne, da tuni babu ko ɗaya a Neja da Binuwai. Amma ɗan man na gasken da ake samu shi ke sa a soke uwa mai shayarwa, kuma daga nan marayun gaske suke fitowa. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara uku ko fiye ba ta iya mayar da gurbin abin da ake kashewa. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana kama ayu da cinikinsa, kuma tun 2013 yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ayun Afirka a rukunin da aka haramta kasuwancinsa tsakanin ƙasashe. Wataƙila ka tuna bidiyon 2020 na wasu matasa a yankin Neja Delta suna jan ayu a kan titi da igiya, wanda ya sa ma'aikatar muhalli ta tarayya ta yi magana. Ƙanenka bai yi laifi ba da koma ta kama shi. In ya sayar, ko ya ɗauko shi a mota aka tsayar da shi a hanya, labari ya canza.

In an yi kwana biyu a shingen uwar ba ta zo ba, ko aka tabbatar an kashe ta, kada a sake shi a tsakiyar ruwa shi kaɗai, mutuwa ce. A bar shi a shingen, a riƙa jefa masa burugu mai taushi da ƙainuwa, domin sukan fara ɗan tsinkar ganye tun suna 'yan makonni, ko da yake ba ya maye gurbin nono. Tun yau, ba sai an jira ba, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma da jami'an gandun daji, a kuma nemi ma'aikatan gandun dajin ƙasa na Kainji da cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa, su ne mafi kusa da shi. Ta hanyarsu za a iya kaiwa ga masu aikin ayu na Senegal da na Kamaru, waɗanda kan ba da shawarar haɗin madara ko daga nesa. Ba zan yi maka alƙawarin zai rayu ba. A wannan hali damarsa kaɗan ce, amma a can take, ba a bayan garinku ba.

Ka ce wa ƙanen naka ya ɗauko mini bidiyo uku da wayarsa, ba tare da ya taɓa shi ba. Ɗaya daga sama, in ga bayan kansa da gadon bayansa ko sun lotsa. Ɗaya daga gefe, in ga ko yana nutsewa ya kwanta a ƙasa ko yana shawagi a karkace. Na ukun ya tsaya minti 10 da agogo a hannu, ya ƙirga sau nawa ya fito da hanci, ya kuma saurara ko akwai ƙara a numfashin. In an ga cibiyarsa lokacin ɗauka a gaya mini ko ta warke ko da sauran ɗanyenta, da shi zan ƙiyasta kwanakinsa. Turo mini su kafin magariba.